Fim ɗin da Na Kunna wa Malam

Mahaifina bai taɓa zama gaban talabijin ba sai da ya haura saba'in, kuma ni ce na zaunar da shi. Na faɗi wannan tun da fari don kada a ɗora wa wani.

Malami ne a Gazara, cikin ƙasar Makarfi. Malam muke ce masa, har mu 'ya'yansa. Ya daɗe yana ba da karatu a zaure, amma abin da aka fi saninsa da shi sulhu ne da rabon gado. In masu rake suka yi rigima kan ruwan fadama, wurinsa ake zuwa. In 'yan'uwa suka kasa raba gonar ubansu, wurinsa ake zuwa. Wata safiya yana cikin alwala buta ta suɓuce masa, shi ke nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ma ta tafi. Hankalinsa kuwa garau yake, ni shaida ce.

Mutane ba su daina zuwa ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai a taru a ɗakinsa, mai matsala ya faɗi matsalarsa, Yayana, wanda ya gaji makarantar, ya maimaita a hankali, ya ce, "Malam, kaza ne?" Malam ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Abin da ya gyaɗa wa kai ya zauna, ba mai ƙara ja. Wannan gyaɗa kan shi ne kaɗai aikin da ya rage masa a duniya. Tun safiyar Juma'a za ka ga idonsa ya yi haske, yana nuna farar rigarsa da rawani a sa masa.

Ni malamar firamare ce a Ikara, can nake aure. Da aka ba da dogon hutu na damina, maigidana ya ba ni izini na taho jinya, don Inna gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya ɗaga shi. A nan na ga yadda sauran kwana shidan suke wuce masa. In ya saurari karatu a rediyo da safe, sai ya kwanta yana kallon azara har la'asar. Mutumin da littafi ba ya barin hannunsa, yanzu ko shafi ba ya iya buɗewa. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya ya riga ya sa masa sola saboda fanka, sai na aika aka kawo mini ƙaramin talabijin ɗina daga Ikara.

Da Yaya ya gani ya ja da baya kamar ya ga maciji. Ya ce, "Ke! A ɗakin Malam?"

Ni kuwa bakina ba ya kwana da magana, kowa a gidanmu ya sani. Na ce, "Yaya, kai kana fita ka sha iska, ka je gona, ka je kasuwa. Shi azara nawa ce a ɗakin nan, tambaye shi, ya haddace su."

Can ya ce, "To. Amma duk abin da za a sa masa, ke kika tsaya masa."

Na ce na tsaya. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don na san abin da zan sa. Wani fim ne mai dogon zango da aka fassara da Hausa, na kalle shi kaf a gidana, babu inda na taɓa kau da kai. Labarin wani dattijo ne daga wata duniya can bayan taurari, mai launin toka da yatsu huɗu, yana yawo a jirgi daga wannan duniya zuwa waccan yana sasanta halittu masu rigima. Ba ya riƙe makami. Yana da masu yi masa hidima biyu, mace da namiji, masu ladabi, ba sa magana sai ya ba su dama.

Ranar farko Malam ya juya fuskarsa bango. Rana ta biyu ma haka. A ta uku aka zo wurin da wasu al'ummu biyu suke faɗa kan rijiya guda. Dattijon ya zaunar da shugabanninsu, ya ce ba zai saurari kowa ba sai kowannensu ya faɗi hujjar abokin rigimarsa da bakinsa, har wancan ya yarda an faɗa daidai. Sai na ji wani sauti daga kan gado. Na zabura, na ɗauka sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce, a karkace take fitowa ta gefen baki ɗaya. Haka shi ma yake yi wa masu rake, sak. Tun daga ranar, da an yi azahar sai ya bubbuga gado da hannun hagu, wato a kunna masa mutuminsa.

Wata guda da 'yan kwanaki muka gama fim ɗin. Washegari ya bubbuga gado, na ce, "Malam, ai ya ƙare." Ya dube ni, ya mai da ido kan azara. Wallahi sai na ji kamar na ƙwace masa abinci.

Ranar Laraba na shiga kasuwar Makarfi, na tsaya shagon mutumin da ke tura mana finafinai a filash. Na tambaye shi ko akwai ci gaba. Ya ce babu, amma akwai ɗansa. Na ce ɗansa kamar yaya? Ya ce ai masu hidimar nan biyu an ba su nasu fim ɗin daban. Dattijon ya turo su duniyarmu, sun shiga siffar mutane, sun zama 'yan bincike, suna bin sawun halittun da suka gudo daga sama suna ɓarna a cikin mutane.

Na ce, "Ba wani abin kunya a ciki? Dattijo zan kai wa."

Ya ce, "Haba Malama. Gida ɗaya suka fito, masu yin su ɗaya. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Na yarda, kuma kada wani daga ƙasarmu ya ce mini shi ba zai yarda ba. Haka muke. In za mu sayi irin rake, gonar wa muke tambaya. In baƙo ya zo neman wani abu, ɗan gidan wa muke tambaya, da an faɗi uban an gama bincike. Abin takaicin, Malam shi ne mutum ɗaya da na sani wanda ba ya haka. In aka zo ana yabon wani da asalinsa, cewa yake, "Na ji na ubansa, saura nasa." Kunnena ya ji wannan ya fi sau ɗari, amma ranar ban tuna ba.

Na yi niyyar in fara dubawa ranar Alhamis. Alhamis ɗin Malam ya tashi da zazzaɓi, ban zauna ba. Da yamma da jikin ya yi sauƙi na ce masa, "Malam, na samo ɗan mutuminka. Gobe in sa maka?" Ya gyaɗa kai har sau biyu.

Ranar Juma'a gidan ya watse. Inna da matan gida da yara duk sun tafi suna Kudan. Yaya ya tafi ɗaurin aure Nasarawan Doya, ya ce can zai yi Juma'a ya dawo kafin baƙi su taru. Daga ni sai Malam. Na ba shi kunu, na yi masa alwala ya yi sallarsa da ishara, na sa masa farar riga, na naɗa masa rawanin yadda na iya, na jingina shi da matashi. Maza duk suna masallaci. Na lissafa, kafin a gama huɗuba a yi salla a gaggaisa, kashi ɗaya ya ƙare.

Na kunna. Har na tsaya na ga farkon. Kiɗan nan ne dai, jirgin nan ne dai, ga dattijon da kansa yana sallamar yaran nasa, yana yi musu nasiha. Malam ya gyara kai. Hankalina ya kwanta. Na ajiye rimot a kan gado, na cire hijabina saboda zafi na rataye a ƙusar bayan ƙofa, na kwashi zannuwan gadonsa na nufi rijiya a bayan gida. Rimot ɗin a gefen dama na ajiye shi, kusa da hannun da ba ya motsi. Ban lura ba sai daga baya.

Ɗakin Malam ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta zaure inda maza ke shigowa, ɗaya ta cikin gida da asabari a kanta. Ina cikin wanki hadari ya haɗo daga gabas, ashe limamin Juma'a ya taƙaita huɗuba saboda shi. Ban yi nisa ba na ji sallama, na ji ana cire takalma. Baƙin Malam ba sa jiran amsa, sun san ba zai iya ba, shiga suke yi su durƙusa. Ban damu ba. Har na ce a raina, su ma su ga yaran dattijo, ai ba laifi. Ni dai 'yar gida ba ta leƙa ɗakin da maza suke, don haka na ci gaba da wankina har na ɗauraye. Sannan na ɗebo ruwan sha a kwano zan ajiye musu a bakin ƙofa.

Ban kai ƙofar ba na ji ashar. Ba ƙaramin ashar ba, irin na tasha, wanda ake haɗawa da uwa da uba. Kuma muryar mai fassarar nan ce da muka saba, wadda wata guda tana faɗin maganganun dattijo masu sanyi. Na tsaya cak. Na ce ko kunnena ne. Aka sake dannawa, wanda ya fi na farko. Na ajiye kwanon, na sa ido a tsagin asabari.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Macen nan mai ladabi ce, wadda ba ta ɗaga ido gaban dattijo, tsaye tsakiyar ɗaki ba ko ƙyalle a jikinta. Namijin na gefe yana yi mata wasan banza. Ta kai hannu ƙeya, ta kama fatar mutum ɗin da ke jikinta, ta tuɓe ta kamar riga, ta jefa a baho. Shi ma ya tuɓe tasa. Abin da ya biyo baya bakina ba zai faɗa ba, alƙalamina ma ba zai rubuta ba. Daga nan aka nuno su sun shimfiɗa gawar wani bawan Allah a kan teburin cin abinci, sun farka cikin, suna tonawa da hannu ɗaya suna cin burodi da ɗayan, suna dariya. Ni da na haifi 'ya'ya uku ban taɓa ganin irin wannan ba.

Mutum uku ne a kan tabarma. Akwai wani limamin ƙauye daga wajen Kudan, ɗalibin Malam na farko, gemunsa fari fat. Akwai wani mai yin mazarƙwaila, shi ma tsohon ɗalibi, mutumin kirki amma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Na ukun baƙo ne daga Janfalan, ya zo da maganar gado, ranar ya fara ganin Malam. Dukansu sun sunkuyar da kai, ido a tabarma, kamar masu zaman makoki. Ba wanda ya motsa.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce me ya hana su kashewa. Ɗalibi ba ya taɓa komai a ɗakin malaminsa sai an ce ya taɓa. Ba ya kallon fuskar malaminsa. In ya tarar da malam a kan wani abu, ba ya gyara masa, cewa zai yi akwai hikimar da shi bai gano ba. Wanda ya tashi ya kashe ya nuna ke nan ya ga aibu a ɗakin Malam, kuma ba wanda yake son ya zama na farkon gani. Ga shi ba su taɓa riƙe rimot ba a rayuwarsu.

Malam kuwa ya rufe ido gam. Ina gani ya ɗaga hannun hagu yana nuna talabijin. Liman ya hango hannu ya tashi ta wutsiyar ido, sai ya ce a hankali, "Malam na addu'a." Su uku suka ɗaga tafuka sama. "Amin. Amin. Allahumma amin." Mai fassara na zuba ashar, su suna amin. Ban san ko in yi kuka ko in yi ihu ba.

Hannun ya gaji ya sauko. Ya lalubi rimot, bai kai ba. Daga nan ya ɗora tafin a kan kunnensa na hagu ya toshe. Na dama yana nan a buɗe, ba hannun da zai rufe shi.

A nan ne abin da ya fi ci mini rai yake, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban shiga nan take ba. Na tsaya. Hijabina na cikin ɗakin a rataye. Ɗaurin ƙirji ne a jikina, shi ma jiƙe. Ɗakin Inna, inda kayana suke, ta danna masa kwaɗo ta tafi da makulli kamar yadda ta saba. Batirin sola ma yana cikin ɗakin Malam, balle in cire daga waje. Ɗaliban nan biyu rabon su ga fuskata tun ina 'yar shekara tara. Na tsaya bayan asabari ina auna kunyata da tasa, ina cewa yanzu za a wuce wurin, yanzu Yaya zai shigo. Ban san minti nawa na yi ba. Ko ɗaya ne ya yi yawa. Sai da na ga hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ba ta motsi, ya shige cikin gemunsa.

Na koma da gudu na fizgo zanen gadon da na wanke, na lulluɓa shi da ruwansa, na ɗaga asabari na faɗa ɗakin ko sallama babu. Daidai lokacin Yaya ya shigo ta ƙofar zaure. Ya ga abin da ke kan talabijin kafin in kai ga waya. Na fizge ta daga batir, fanka ma ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga zanen da ke jikina.

Yaya ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce, "Wa ya kawo wannan ƙazanta ɗakin Malam?"

Na buɗe baki zan ce ni ce. Sai muka ji bugu. Malam ne ya daki ƙirjinsa da tafin hagu. Ya sake duka. Ya ƙara na uku, har rawanin da na naɗa masa ya zame.

Yaya ya durƙusa, muryarsa ta canza. Ya ce, "Malam, kai ka ce a sa maka?"

Malam ya gyaɗa kai. Irin gyaɗawar nan ce da yake yanke magana da ita, a hankali, sau ɗaya.

"Ka san abin da ke ciki?"

Ya rufe ido, bai gyaɗa ba, bai girgiza ba. Ƙarya dai bai yi ba, don na tambaye shi jiya ya ce a sa. Amma ya bar su su fahimci abin da suka fahimta. Kowa a ɗakin ya san ba shi ya tashi ya jona waya ba. Abin da ya nuna musu shi ne ni 'yar aike ce, mai abu shi ne. Kuma a ɗakin nan ba a taɓa ja da abin da ya gyaɗa wa kai ba.

Liman ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya miƙe. Baƙon Janfalan ya ce zai dawo wani lokaci, bai ko faɗi abin da ya kawo shi ba. Suka fita ruwa na saukowa. Yaya ya ɗauki talabijin ɗin ya kai zaure ya kifa shi.

Na san abin da Malam ya tare mini. Matar aure, mai koyar da 'ya'yan mutane, a ce ta ɗauko batsa daga kasuwa ta kunna wa ubanta marar lafiya gaban liman. Kafin Litinin zancen ya isa Ikara, ya isa makarantarmu, ya isa gidan surukaina. Shi ya riga ni lissafa wannan tun ina tsaye ruwa na ɗiga.

Washegari da hantsi na zauna bayan rumbu na buɗe fim ɗin a wayata, da yake mai shagon ya tura mini shi a can ma, don in san abin da kunnensa ya ji. Kashi uku na kalla, ina yi ina salati. Tsiraicin da jinin sun girgiza ni, amma ba su suka fi ba ni tsoro ba. Yaran nan biyu da na sani suna durƙusa wa dattijo, yanzu su ne ke fasa ƙofar mutane su shiga ba sallama. Su yi wa matar mamaci ƙarya ido cikin ido. Su kama halitta, kafin ta buɗe baki sun harbe ta, sai daga baya su bincika ko ita ce mai laifin. Akwai inda macen ta kwaikwayi muryar dattijon tana yi masa ba'a, wai tsoho ne mai ɓata lokaci da surutu, namijin na ƙyalƙyala dariya. Wannan wurin yana cikin kashin farko, wato Malam ya ji shi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Sannan in faɗi gaskiya, an iya tsara abin. Da kashi na uku ya ƙare na kama kaina ina son sanin wa ya kashe mutumin kan teburin. Na ji tsoron kaina, na goge shi.

Laraba na koma shagon mutumin nan, raina a ɓace. Na zazzage masa ta cikina tas, har mutane suka fara tsayawa. Ya bari na gama, ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi Malama ni ma ban kalla ba. Wanda ya ba ni a Zariya ne ya ce ɗansa ne." Wa zan zaga, ni ma abin da na yi ke nan.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Liman bai faɗa wa kowa ba, na tabbata. Mai mazarƙwaila ma ba da mugunta ya faɗa ba, da tausayi ya faɗa, wanda ya fi muni. Ba wanda ya ce Malam ya lalace, sun fi ƙarfin haka. Cewa aka yi, "Allah sarki, ciwon ya hau kansa." Wanda ciwo ya hau kansa kuwa ana zuwa gaishe shi, amma ba a kawo masa rabon gona. Juma'ar da ta biyo mutane sun zo, sun gaisa, sun yi addu'a, sun tashi. Ba wanda ya ce yana da matsala. Daga baya na ji masu rigima suna tsayawa a zaure wurin Yaya, a kashe magana a can ƙasa-ƙasa don kada Malam ya ji. Yana ji. Kunnensa lafiya lau.

Na durƙusa gabansa wata rana da azahar, Yaya na tsaye. Na ce, "Malam, don Allah ka bar ni in faɗa. In je wurin Liman in ce ban duba ba, kai ba ka san komai ba." Ya kama wuyan hannuna da hannun hagun nan, ya matse har na ji zafi, ya girgiza kai. Yaya ya kau da fuska ya fita. Ya sani, tun ranar ya sani, amma shi ma ba zai tsallake abin da Malam ya yanke ba.

Duk da haka bai daina nuna farar rigarsa ba ranar Juma'a. Juma'ata ta ƙarshe kafin hutu ya ƙare na sa masa ita, na naɗa rawanin, na jingina shi. Ya zauna yana kallon ƙofar zaure har aka kira la'asar. Da na zo cire masa rawanin sai ya bubbuga gado, yadda yake yi in yana son a kunna. Na kasa riƙe kukana. Na zauna a ƙasa na ba shi labarin rijiyar nan da baki, tun daga farko, ina kwaikwayon muryar dattijon. Da na zo inda aka sa kowa ya faɗi hujjar ɗan'uwansa, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Bai kai wata damina ba ya rasu. Ranar uku muna zaune tsakar gida ana karɓar gaisuwa, mata cike da tabarmi, sai na ji wata tsohuwa, ƙawar Inna, tana faɗa wa ta kusa da ita, "Hutu ne gare shi. Ai tun bara hankalin ya riga shi tafiya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Hankalinsa garau ya koma ga Allah! Fim ɗin nan ni na saya, ni na kunna, ban duba ba. Shi bai san abin da ke ciki ba. Rufa mini asiri ya yi."

Na tsaya ina jiran a yi mini kallon da ya kamata a yi mini tun bara. Tsohuwar ta miƙo hannu ta jawo gefen hijabina, ta zaunar da ni kusa da ita, tana shafa mini baya.

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, zafin rashi ne. Kowace 'ya haka za ta ce. Amma ai Malam da kansa ya gyaɗa kai."